Kujeru Huɗu a Ranar Yafiya

Glafira Lukinishna ta shigo Mosko da 'yarta a makare, kamar yadda ta saba yin komai. Tun da dusar ƙanƙara ta fara sauka iyayen 'yan mata suka cika gari, kowace tana jan tata daga wannan gidan rawa zuwa wancan, ita kuwa tana can ƙauyensu na Tambov cikin baƙaƙen kaya, tana makokin wani kawun marigayi mijinta wanda ko karnukan gidan ba su taɓa so ba. Da makoki ya ƙare aka ɗaure akwatuna aka iso, sai ga makon man shanu, makon shagali da ciye-ciye, ya riga ya kama. Daga shi sai Babban Azumi, a rufe goge a akwati, a koma kan kabeji da wake. Kafin azumi ya wuce ƙanƙara ta narke, kowa ya tattara ya koma ƙauye.

Taro ɗaya ya rage mata, rawar rana ta gidan Gimbiya Ozerskaya, ranar Lahadin Yafiya.

Gidan nan na san shi fiye da masu shi. Na riƙe ƙofar babban zaurensa tun ina da haƙora duka har ba ni da ko ɗaya. Ban taɓa zama a aji ba, amma na binne gimbiyar, na binne 'ya'yanta, na binne likitan da ya ce ba zan ga bazara ba. In na faɗi abu, a ɗauka kawai.

Yarinyar da za a fito da ita cikin manya karo na farko, debutantka suke ce mata. Kalmar ma ba tamu ba ce, daga Faransa suka aro ta, kamar yadda suka aro masu dafa musu abinci da masu koya musu tafiya. A ƙauyenmu sai a ce wance ta girma, shi ke nan. Su kuwa sai an sa mata farar riga, an tsiraita mata kafaɗu a tsakiyar sanyi, an matse mata ciki har ta kasa nishi, sannan a jingine ta da bango kamar maraƙa ranar kasuwa.

Duk raye-rayen da ake yi a irin wannan taro share fage ne. Mazurka ita ce magana. Namiji yakan nemi yarinya tun da wuri, in ta amsa sai ya je ya zaɓi kujera biyu cikin da'irar da aka jera, ya haɗa su ya ɗaure da hankicinsa, kowa ya san an kama. A nan za su zauna su yi ta hira tsakanin zagaye da zagaye, in an gama shi zai riƙe hannunta zuwa teburin abinci. Yarinyar da ta rasa mazurka ranar fitarta ta farko, tsofaffin matan Mosko sukan manta sunan jikokinsu, ba sa manta nata.

To Glafira mazurka kaɗai ba ta ishe ta ba. So take kafin ƙararrawar azumi ta kaɗa, sunan 'yarta Tasya ya shiga bakin kowa a Mosko. Kuma a ganinta ta san hanya.

Tare da gimbiyar, Zinaida, aka fito da su suna 'yan mata. A lokacin Zinaida ba gimbiya ba ce, wata doguwa ce mai dogon hanci, ba kyau ba dukiya. Ran nan ta yi kuskure ta yi wa maza biyu alkawarin mazurka ɗaya. Kashegari aka ji sun fita dajin bayan gari sun yi fito-na-fito da bindiga, ɗaya ya dawo ba kunne. Kafin mako ya zagayo Mosko duka ta tare a ƙofar Zinaida, yarima ya aure ta. Glafira, wadda ta fi ta kyau nesa ba kusa ba, ta ƙare da wani mutumin Tambov da ba shi da zance sai aladu da karnukan farauta. Shekara da shekaru tana tauna kunnen nan a ranta.

Da safiyar Lahadi ita da kanta ta kama igiyar rigar matse ƙugu, ta dafa gwiwarta a bayan Tasya tana ja.

"Mama, ba na iya numfashi."

"Wa ya ce ki yi numfashi? Numfashi a Tambov ake yinsa. Saurara. Duk hafsan sojan da ya fara neman mazurka, ki ba shi. Na biyu ya zo, shi ma ki ba shi."

"Ai mutum ɗaya ake ba."

"Ni za ki koya wa? Ki ba shi. In sun haɗu ki sunkuyar da kai, ki ce kin manta."

Tasya ta juyo da kai. Yarinya ce mai faɗin kafaɗa, mai jan kumatu, wadda ta fi sanin kan doki da kan mutane. "In suka kashe juna fa?"

"Ba sa mutuwa, shashasha. Kunne ne, ko yatsa. Waɗannan da ko zomo ba sa iya harbi?"

"Mama, yau fa Lahadin Yafiya ce."

"To sai me? Ki yafe mini tun yanzu, ki juya in ɗaure."

Glafira ta san ranar, mana. Ta san yau kowa, daga yarima har mai shara, sai ya rusuna wa ɗan'uwansa ya ce a yafe masa, a amsa masa da Allah ya yafe, don kada a shiga azumi da ƙulli a zuciya. Amma a wurinta wannan aikin tsofaffi ne da talakawa. Hafsan soja mai takobi a ƙugu, mai zafin jini, ina ruwansa da wace rana ce?

Bayan tsakar rana suka iso. Gidan na ƙamshin man shanu tun daga matakala, don tun safe ake soya bilini, wainarmu ta makon nan, ana ɗora mata ƙwan kifi da kirim, manya suna ci kamar an ce daga yau an hana duniya baki. Gimbiya na zaune a bakin zaure, ta sa gilashin idonta mai mariƙi ta ƙare musu kallo, sannan ta kira Glafira da sunan ƙuruciya.

"Glasha! Ke ce? Na ɗauka kin mutu. Wa ya ce mini kin mutu?"

"Kawun maigidana ne, ranki ya daɗe."

"To, shi ne. Wannan ce taki? Juya, yarinya. Hmm. Tana da ƙashi. Me kuke ba su a can, hatsin dawaki?"

Glafira ta yi dariya har da riƙe ƙirji, kamar an yi mata kyauta.

Abin da ba ta gani ba, gimbiya tana da wata ɗabi'a. Ba ta yarda a ce yarinya ta zauna ba abokin rawa a gidanta, ba don tausayi ba, don kada a ce taronta ya yi sanyi. Akwai hafsoshin da ke cin abinci a teburinta kullum, su take aika wa irin wannan aiki. Ta yafito Kyaftin Tulubyev, wani ƙato mai tumbi wanda man shanu ke ƙyalli a gashin bakinsa, ta ce, "'Yar Tambov ɗin nan, mazurka, kai za ka ɗauka." Ya haɗiye loma ya ce to, fuskarsa kamar an tura shi gadin maƙabarta. Can an jima ta manta ta yi, don tsufa ya fara cin ta, ta yafito Laftana Bekasov, wani siriri da ba ya ƙaunar kowa a duniya sai takalmansa, ta faɗa masa daidai wannan magana.

Amma kafin ko ɗaya ya motsa, wani ya riga su. Platon Savelyevich ne, ɗan maƙwabcinsu na Tambov da ke koyon likitanci a Mosko, cikin baƙar kwat wadda hannunta ya yi masa gajere. Shi da Tasya sun san juna tun suna satar tuffa, amma yau da cikakken sunanta ya kira ta.

"Taisiya Ignatyevna, in ba a riga ni ba, ko zan samu mazurka?"

Fuskar Tasya ta washe. Ta buɗe baki ke nan sai ta ji an take mata ƙafa da dunduniya. Ba kakin soja, ba takobi, wannan ko an mare shi littafi zai buɗe ya duba sunan ciwon.

"An riga an karɓa," in ji Tasya, idonta a ƙasa.

Ya rusuna, kunnuwansa suka yi ja, ya tafi. Ba a jima ba aka gan shi yana ɗaure hankicinsa don wata 'yar alƙali mai tabo a goshi.

Sai ga kyaftin, yana goge baki. Ya nema, aka ba shi. Ya je ya ɗaure kujera biyu kusa da ƙofar ɗakin abinci, don ya san abin da ya kawo shi duniya. Sai ga laftana, ya buga ƙaimi, ya nema yana kallon bakin takalminsa. Tasya ta dubi uwarta. Uwar ta kaɗa mafici sau ɗaya. Aka ba shi. Shi kuma ya ɗaure tasa biyun gaban madubi.

Glafira ta ji kamar ta yi guɗa. Ta riga ta shirya komai. Ta zaɓi wata doguwar kujera mai laushi a kusa, inda za ta faɗi sumammiya da zarar an jefa safar hannu a fuska, alamar kiran fito-na-fito. Har ta gwada a ranta yadda za ta ce, "Wayyo 'yata, jinin mutane a kanki!" da ƙarfin da zai kai kunnen gimbiya.

Wajen la'asar mai kiran rawa ya ɗaga hannu, makaɗa suka gyara zama, kowa ya nufi kujerarsa. Kyaftin ya taho daga dama, laftana daga hagu, suka miƙa wa Tasya hannu a tare.

"Laftana, ka ɓata hanya ne?"

"Ni kuwa na ɗauka kai ne, Kyaftin. Wannan rawar tawa ce."

"Taka? Tun kana can kana lasar takalminka aka ba ni."

"Lasa ka ce?"

"Na manta ne," in ji Tasya, da murya kamar ta wanda ake karanta wa hukunci.

Na kusa suka juyo. Mafitai suka tsaya. Wuyan kyaftin ya kumbura ya cika abin wuyansa, laftana ya fara zare safar hannunsa yatsa bayan yatsa. Glafira ta matsa baya-baya wajen kujerarta mai laushi. Ga shi nan, ga kunnen nan yana zuwa.

Daidai nan aka buɗe ƙofar ɗakin abinci, aka wuce da sabon tire na bilini, tururi na tashi. Hancin kyaftin ya bi shi. Ya tsaya. Ya dubi laftana, laftana ya dube shi, kowa ya ga abin da ke idon ɗan'uwansa. Ba wanda ya so rawar nan tun farko.

"Bekasov, yau wace rana ce?"

Laftana ya daki goshi. "Lahadin Yafiya!"

"Kuma mu muna nan za mu zubar da jini. Kaico!" Kyaftin ya rusuna iyakar yadda tumbi ya bar shi, yatsunsa suka kusa taɓa ƙasa. "Ɗan'uwa, ka yafe mini."

"Allah ya yafe, ni ma na yafe. Ka yafe mini, Kyaftin."

"Allah ya yafe."

Suka rungume juna, suka sumbaci kumatu sau uku kamar yadda ake yi, har man shanun gashin bakin kyaftin ya shafi laftana. Wata tsohuwa ta share hawaye ta ce rabon da ta ga sojoji masu tsoron Allah haka tun zamanin mijinta.

"To ɗauki rawar, taka ce," in ji kyaftin.

"Ni? In ƙwace hakkin na gaba da ni in shiga azumi da shi? Allah ya kiyaye. Kai aka fara ba."

"Na bar maka."

"Na mayar maka."

"To kada ɗayanmu ya ji haushin ɗaya, mu haƙura mu duka."

"Ka yi magana irin ta manya."

Glafira ta ga abin na neman zamewa, ta kutsa tsakaninsu. "Amma Kyaftin, an ci mutuncinka fa! A gaban jama'a!"

"Na yafe, ranki ya daɗe."

"Ba ka ji abin da ya ce ba ne? Laftana, kai fa aka ce kana lasar takalmi!"

"Yakan yi ƙura, uwata, gaskiya ya faɗa."

"Kyaftin, ni na ji shi ɗazu yana cewa..."

"Har abin da bai faɗa ba na yafe."

Suka juyo ga Tasya tare, suka rusuna. "Taisiya Ignatyevna, ki yafe mana." Ranar ba ta da wata amsa sai guda, kuma duk zauren na saurare.

"Allah ya yafe," in ji Tasya.

Kyaftin ya je ya kwance hankicinsa ya fyace hanci da shi. Laftana ya kwance nasa ya sunkuya ya goge takalmi. Suka saƙala hannu suka shige ɗakin abinci, don man shanun ƙarshe ne kafin azumi.

Makaɗa suka saki kiɗa.

Kowa ya riga ya yi biyu-biyu. Ba sauran namiji, kuma ko akwai, yarinyar da ta ba da rawarta ba ta da ikon ba wa wani. Platon Savelyevich ya yi kamar zai tashi, 'yar alƙali ta riƙe masa hannun kwat, ya koma ya zauna, don wanda aka ce wa an riga an karɓa ba ya dawowa. Da'ira ta cika, sai giɓi biyu kamar bakin tsoho, kujera biyu a ƙofar ɗakin abinci, biyu a gaban madubi. Ba wanda ya ɗauke su. Duk wanda ya zagayo da abokiyar rawarsa sai ya dubi kujerun, ya dubi 'yar Tambov da ke tsaye jikin bango cikin farar riga tsakanin tsofaffi, ya raɗa wani abu, yarinyarsa ta rufe baki da mafici.

Glafira ta ce to bari ta suma ko a juya maganar. Ta waiwaya, sai ta tarar wani tsohon janar ya hau kujerarta mai laushi yana minshari. Ta lallaɓa ta zube ƙasa a hankali don kada rigarta ta yage. Ba wanda ya waiwayo, ana tsakiyar zagaye. Ta jima a kwance. Na ga ta buɗe ido ɗaya, ta rufe, ta sake buɗewa, sannan ta kama ƙafar tebur ta miƙe da kanta.

Mazurka kuwa ba gajeriyar rawa ba ce. Tasya ta tsaya har ƙarshenta ba ta yi kuka ba, ba ta zauna ba, idonta a kan agogon bango. A duk zauren nan ita kaɗai ce ban raina ba.

Da aka gama gimbiya ta taso, tana dogara sanda, ta tsaya gaban Glafira. Tsufa ya ci mata tunani, amma bai ci mata mugunta ba.

"Glasha, kunnen nan ne har yanzu?"

"Ban gane ba, ranki ya daɗe."

"Kin gane. Kin san a kan me suka yi harbin nan? Kare ne. Ɗaya ya sayar wa ɗaya karyar farauta mai ɗingishi. Mutane suka ce a kaina ne, ni kuwa ban ga dalilin ƙaryata su ba." Ta ɗaga gilashinta ta dubi Tasya. "Wasu kujera ɗaya suke nema su rasa. Taki huɗu ta samu. Ki yi alfahari." Sannan ta ɗan sunkuyar da kai, yadda ranar ta tanada. "Yafe mini, Glasha."

Glafira ta rusuna. "Allah ya yafe, ranki ya daɗe."

Ba su tsaya cin abinci ba, don ba mai riƙe hannun Tasya zuwa tebur. Suna saukowa matakala maganar ta riga su sauka. Masu riƙe riguna sun ji, masu tuƙin keken doki a waje sun ji, wani har ya tambayi ɗan'uwansa da ƙarfi ko ita ce mai kujera huɗun.

Suka hau kekensu, ya ɗauke su har suka wuce kasuwa. Rana na faɗuwa, ƙararrawar coci ta fara kiran addu'ar yamma, mutane a bakin hanya suna rusuna wa juna. Glafira ta yi ta juya maficinta. Ranar ba ta ƙyale kowa, ko uwa sai ta nemi yafiyar 'yarta.

"Tasya. Ki yafe mini."

Tasya na kallon bayan mai tuƙi. "Sassauta mini igiyar nan."

Glafira ta zura hannu ƙarƙashin rigar gashin da Tasya ta yafa, ta lalubo ƙullin da ta yi da safe, ta yi ta fama da yatsu masu sanyi har ya kwance. Tasya ta ja numfashi mai tsawo, irin na Tambov.

"To?" in ji uwar.

"Ki tambaye ni baɗi, Mama."

Abin da Glafira ta zo nema ta samu. Azumi ya shiga, ba rawa, ba nama, ba abin yi, Mosko ba ta da abin taunawa sai 'yar Tambov da kujerunta. Gidan da ba a taɓa jin sunan Tasya ba an ji shi. Amma ko ƙofa ɗaya ba a buɗe musu ba, ko bayan azumi, ko da sanyi ya zagayo. Suka koma ƙauye kafin hanya ta zama taɓo. An ce har Glafira ta mutu tana ba maƙwabta labarin yadda hafsoshi biyu suka zare safar hannu a kan 'yarta, da ƙyar gimbiya ta raba. Tasya kan tashi ta fita duba dawaki in an fara.

A gidan gimbiya kuwa, har aka sayar da shi, in an jera kujerun rawa wasu suka yi saura, ba mai ɗauke su. Sai a ce a bar su nan, na 'yar Tambov ne.